Kwanon Kande da Bakin Saminu

Saminu ɗan Maliki, kai ka cuce ni, kuma da rana tsaka ka cuce ni, ƙasar Daura duka tana saurare. Ka shiga akwatin rediyo ka yi mini sulhun da ban yi ba. Ka yafe abin da ban yafe ba. Gabar da na yi shekaru ina kiwonta kamar ragon layya, kai ka zo ka yanka ta ka raba wa gari, ko ƙafa ba ka aiko mini ba.

Ni ce Adama mai daddawa ta Tudun Audi, ƙanwar kakarka. Ban yi boko ba, shi ya sa na zauna gaban mai rubutu na bakin kotu a nan Daura, na ce ya zuba maganata yadda ta fito, kada ya ƙara mata gishiri, kada ya rage mata barkono. Tun kana cikin tsumma nake kiranka maigida, da ka yi baki kake kirana amarya, wasan jika da kaka. To maigida, yau amarya ta yi yaji, kuma ga kotu nan ina kallon ƙofarta. In ba ka gyara ɓarnar da ka yi ba, alƙali ya raba auren nan.

Bari in fara daga tushe, tunda kai sana'arka tsinko labari daga reshe.

Daddawa gadonta na yi wurin uwata. Kalwa nake dafawa, 'ya'yan ɗorawa tsantsa. In dafa ta har ta yi laushi, in surfe da toka, in wanke, in sake ɗorawa a wuta, in rufe a ƙwarya ta ruɓa daidai, sannan in kirɓa in shanya. Wanda ya taɓa sa daddawata a miyar kuka ba ya tambayar ina nama. Wannan ba yabon kai ba ne, tambayi uwarka.

Ita kuwa Kande ta Gidan Yahya, ƙauyen da ke tsallaken kwarinmu, ita ma daddawa take yi, in dai za a kira abin da take yi daddawa. Tare muka tashi, tare muke zuwa kasuwar Mai'adua, faifanta kusa da faifaina. Wata ranar kasuwa, shekarun baya, wani mutum daga tsallaken iyaka ya durƙusa gabana yana shinshina kayana, yana shirin kwashewa duka. Sai Kande ta ɗaga murya, ba ma da shi kaɗai take ba, da kasuwa take:

"Malam, shinshina da kyau. Daddawar Adama rabi kalwa ce, rabi waken suya."

Mutumin ya ajiye, ya goge hannu a riga, ya tashi. Masu sayar da kuka da masu kuɓewa suka fara ƙus-ƙus.

Kai ɗan zamani ne, mai cin miyar dunƙulen kanti, ba za ka san nauyin wannan magana ba. Ka ce wa mai daddawa tana sa waken suya, daidai yake da ka ce wa mai nono ta surka da ruwan rafi. Ni da ko ƙwayar waken suya ba ta taɓa kwana a gidana ba. Daga ranar na ɗauke faifaina na koma ƙarshen layi, na kuma ɗauke bakina daga Kande. Ban zage ta ba, ban kai ƙara ba. Na dai ce a raina: a gaban mutane ta faɗa, a gaban mutane za ta janye.

Ni ban ce kowa ya taya ni ba, Allah ya sani. Amma matan Tudun Audi suka ce an zagi tuwonsu, tunda da daddawata suke miya. Matan Gidan Yahya suka ce ai Kande ba ta ƙarya. Maza kuwa, ka san su, suna cewa maganar mata ce, amma duk inda tukunya ta karkata can suke bi. Injin niƙa yana Gidan Yahya, matanmu suka daina kai niƙa, suka gwammace su ɗauki hatsi a ka har bakin titi. Famfon burtsatse yana wajenmu, su kuma suka daina zuwa, suka koma shan ruwan tsohuwar rijiyarsu mai kanwa, haƙoran 'ya'yansu duk suka yi ja. Gayyar da ake yi kowace shekara kafin damina a gyara mashigin kwari, aka bari. Kwari ya ci hanya, ya ci gefen gonar Maigari Dabo, amalanke ta daina wucewa. In an yi suna a can, sai dai mu ji kiɗa. In an yi rasuwa, maza su je su yi salla su juyo, ko ruwa ba sa sha.

Da shari'a ta zo, wa'azi ya yawaita. Liman Kalilu ya sami lasifika, ko kana bayan danga kana tankaɗe sai ka ji shi. Ya yi ta wa'azi a kan gaba, wai ba ta halatta ta wuce kwana uku. Duk lokacin da ya faɗa sai in ce, madalla, Allah ya sa iska ta kai wa Kande. Amma wata Juma'a ya ɗauko wani karatu daban. Ya ce duk wanda ya mutu da kayan wani a hannunsa, ko da allura ce, ranar tsayuwa za a ɗebi ladansa a biya mai kaya.

Nan na tuna akwai kwanon Kande a ƙarƙashin gadona. Farin kwano mai murfi, da zanen jan fure a gefe. Ta aiko mini da waina a ciki lokacin sunan jikata Fadila, kafin in mayar sai aka yi abin kasuwa. Ya zauna nan shekara da shekaru, gizo-gizo ya yi gida a ciki.

Na ce, ni Adama? In yi azumi da ƙishirwar bazara, in tashi sallar asuba da sanyi, sannan a kwashi ladana a ba Kande saboda kwano? Ta zage ni a duniya, ta ci riba a lahira? Ba da ni ba.

Na ciro kwano na wanke shi da toka har yana ƙyalli. Sai kuma na tsaya. Kai ma ka sani, ko da yake ban tabbata ka san komai ba, a ƙasarmu ba a mayar da kwano fanko. Wadda ta mayar da kwano wayam, ta gaya wa duniya ɗayan biyu: ko gidanta babu, ko uwarta ba ta koya mata ba. Ni gidana akwai, uwata kuma ta koya mini. Ba zan ba Kande abin faɗa na biyu ba. To me zan sa? Na yi tunani, sai dariya ta kama ni ni kaɗai. Na zaɓi daddawata wadda ta fi kowace kyau, baƙa wuluk, mai maiƙo, na cika kwano har murfi na ɗagawa. Na ce ta buɗe, ƙamshi ya mare ta, ta nemi waken suyan da ta ce, ta rasa, kunya ta kashe ta a tsakar gidanta. Mari ne na zuba a kwano, Saminu. Mari.

Ban aiki kowa ba, don kada a ce na ji tsoro. Na yafa mayafi na ɗora kwano a ka na gangara kwari da hantsi. Ina cikin hawa ɗaya gefen ina haki, sai ga ka a kan babur, da jakar nan taka da 'yar na'urar ɗaukar magana tana leƙowa.

"Amarya! Ina zuwa haka ba izinin maigida?"

Na ce, "Gidan Kande."

Na ga idonka ya buɗe kamar na mujiya. "Gidan Kande dai? Iya, mene ne a kwanon?"

"Daddawa."

"Taki? Da hannunki?"

"Da ƙafata zan yi ta? Kauce mini, rana na yi."

Tambaya uku ka yi, na ba ka amsa uku, duk gaskiya. Ta huɗun, wadda ita ce tambaya, wato don me, ba ka yi ba. Ka juya babur har kana neman faɗawa kwari. Ni kuwa na isa zauren Kande, ban yi sallama ba, gyaran murya na yi, na dire kwano a bakin ƙofa na juyo. Na dawo gida zuciyata fes, na ce yau na yanke igiyar ƙarshe da ke tsakanina da matar nan.

Ba na ƙin shirinka, kada ka ce na ce. Kunnen Ƙauye, ko ba haka kuke kiransa ba? Kowace yamma bayan la'asar rediyona na kan turmin da na kife, ina tsince kalwa ina ji. A nan muke jin farashin gero, da ranar allurar shanu, da wanda ya haihu da wanda ya rasu. A nan na ji rasuwar ƙawata ta Sandamu har na samu zuwa gaisuwa. A nan aka yi cigiyar jakin Nagoggo, aka same shi a Zango yana cin karan wani. Duk wannan aiki ne. Amma ranar nan, ina zaune, sai na ji muryarka ta canza, kamar mai shirin raba goron ɗaurin aure.

"Jama'a masu sauraro, albishirinku. Yau idona ya ga abin da kunnuwa suka daɗe suna jira. Iya Adama ta Tudun Audi, da kanta, da tsufanta, ta tsallaka kwari ta kai wa 'yar'uwarta Iya Kande ta Gidan Yahya kyautar daddawa cike da kwano. Gaba ta ƙare. Tsohuwa ta nuna wa maza hanya. Saura ku, mutanen ƙauyukan nan biyu."

Faifan ya suɓuce daga cinyata, kalwa ta watse, kaji suka samu biki. Kafin in miƙe, guɗa ta tashi a gidan maƙwabta. Kafin in nemo ɗankwalina, tsakar gidana ta cika. Wannan ta rungume ni, waccan tana kuka, Maimunatu matar ɗana tana ta shimfiɗa tabarmi kamar ita aka yi wa albishir. Ina cewa, "Ku tsaya, ba haka ba ne," suna cewa, "Allah sarki, Iya, ga kunya ga haƙuri." Ashe duk sun gaji da ɗaukar niƙa zuwa bakin titi, ba wadda ta taɓa gaya mini. Washegari da sassafe na ga layinsu, ƙwarya a ka, sun nufi injin Gidan Yahya. Da hantsi kuma ga 'yan matan can a bakin famfonmu, ana ta hira kamar jiya aka rabu.

Na tafi wurin Liman Kalilu don in gyara magana tun ba ta yi nisa ba. Na durƙusa daga bakin zaure.

"Allah gafarta Malam, abin da yaron nan ya faɗa a rediyo..."

"Na ji, Adama, na ji. Wanda ya fara sallama shi ne mafi alheri a cikin biyun. Kin riga ta."

"Malam, ban yi sallama ba. Gyaran murya na yi."

"Allah yana duba niyya."

"Abin da nake tsoro ke nan, Malam."

Ya yi dariya har rawaninsa na rawa, ya ce in tashi in je, kada in ɓata ladana da yawan magana. Juma'ar da ta biyo, da lasifikar nan tasa, ya kira sunana a gaban maza, ya ce a yi koyi da ni. Ni da na kai mari. Ka gaya mini, bayan liman ya yabe ka a kan mumbari, da wane baki za ka fito ka ce, a'a jama'a, ni muguwa ce?

Kai kuma ba ka tsaya nan ba. Ka je ka sa Maigari Dabo a gaba da na'urarka, ka ce tunda tsofaffi sun shirya, yaushe za a gyara mashigi? Shi kuma da kwari ke cin gonarsa, dama jira yake. Ka yi ta shela a rediyo kullum: ranar kaza gayya, kowa ya fito da fartanya da shebur da buhu. Ranar ta zo, mutanen da suka yi shekaru ba su haɗa kafaɗa ba suka haɗu a cikin kwari, ana jera duwatsu ana tsokanar juna. Har mutanen wasu ƙauyuka suka zo, wai sun ji a rediyo. Mata suka yi tuwo a manyan tukwane, kuma da daddawar wa aka yi miya? Aka zo aka kwashe mini rabin shanya, wai tubarraki. Ka zo ka miƙo mini na'ura a baki, ka ce, "Amarya, faɗa wa duniya yadda kika ji." Na kawar da kai don kada in faɗi abin da zai sa a rufe gidan rediyonku. Da yamma na ji ka kana cewa, "Iya Adama farin ciki ya hana ta magana."

Amalanke tana wucewa yanzu, ban musa ba. Yaran Gidan Yahya suna shan ruwa mai daɗi. An yi suna a can, matanmu sun je sun ci sun yi rawa sun dawo da labari. Ban ce abin bai yi kyau ba. Na ce da sunana aka saya, kuma ba a tambaye ni ba.

Sai kuma kwano. Ai ka san ba a mayar da shi fanko, to ba a kuma riƙe shi in an aiko. Kande ta wanke shi, ta cika da tata daddawar, ta aiko. Na buɗe na gane saƙon sarai: ga tawa, gwada ki ji. Na ba Maimunatu na ce ta sa wa awaki a dusa. Amma yanzu kwanon Kande ya sake kwana a gidana, maganar Liman ta dawo sabuwa. Na daka yajin daddawa na cika na mayar. Ta aiko da dambu. Na mayar da ƙwan zabi. Ta aiko da man shanu. Na kama zabuwata mai ƙiba, wadda nake tanadi don salla, na sa aka yanka na soya na mayar, na ce in ta isa ta aiko da raƙumi. Yaƙi muke yi, Saminu, yaƙi na sosai, kowace na neman ta kunyata 'yar'uwarta. Kai kuma ka hau rediyo ka raɗa masa suna kwanon zumunci. Har na ji wai wata a Baure ta mayar wa maƙwabciyarta turmi da hatsi a ciki saboda ta ji labarinmu. Ban san ko ita ma mari ta kai ba.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya, a kasuwar Mai'adua ya same ni, inda aka fara. Tun da ka yi shelarka, faifaina ba ya kai azahar. Mutane na zuwa suna tambaya, ina tsohuwar rediyo? Na fara cewa a raina, to, ko banza gaskiya ta yi halinta. Sai wasu mata biyu suka tsaya gabana, ɗaya na zaɓa, ɗayar ta raɗa mata, amma kunnena bai tsufa ba:

"Ba ita ce aka ce tana sa waken suya ba?"

Mai zaɓar ta ce, "To sai me? Ko da waken suya a ciki, tunda mai ita mutuniyar kirki ce, ai sai a saya."

Ka ji? Ka ji abin da ka jawo mini? Da can ana cewa mai algus ce. Yanzu ana cewa mai algus ce amma tana da kirki. An yafe mini laifin da ban yi ba. Gabata ita ce shaidata, Saminu. Muddin ba na magana da Kande, kowa ya san Adama ba ta yarda da abin da aka faɗa a kanta ba. Da ka ce na kai mata kyauta na nemi shiri, me mutane za su ɗauka? Cewa na amsa. Ka gyara hanya, ka gyara famfo, ka gyara injin niƙa, ka bar ƙaryar nan zaune daram a kan faifaina, har ka shimfiɗa mata tabarma.

Shi ya sa yau na hau mota na zo Daura. Ko rijiyar Kusugu ban kalla ba, na yi ta tambaya har aka nuna mini ofishinku. Wani mai gadi ya ce ka tafi ɗauko labarin allurar shanu, in zauna a benci in jira. Na juya zan zauna, wa zan gani a ƙarshen bencin, da mayafinta ruwan ƙasa da bakin nan nata kamar an ɗaure da zare?

Kande.

Na zauna a wannan ƙarshe, tana wancan. Muka yi ta kallon bango. Mai gadi ya dube ni ya dube ta, ya washe baki.

"Kai! Ba ku ne na kwanon zumunci ba? Tare kuka zo yi wa Malam Saminu godiya?"

"Godiyar uwar wa?" Ni da ita muka faɗa, baki ɗaya.

Mai gadi ya koma cikin ɗakinsa. Ita ta fara, ba ta dube ni ba, bango take yi wa magana.

"Ni ƙara na kawo. Ya mayar da ni mai baƙar zuciya a ƙasar Daura. Ko'ina na shiga, ga wadda aka je aka roƙa. Wata ta kwashe lada, ni an bar ni da kwano."

Ni ma na gaya wa bango, "Wata ba ta roƙi kowa ba. Wata ta kai daddawa ne don a shinshina a ji kunya."

"An sani. Wa ya ce ba a sani ba? Wanda zai yi kyauta yana dire ta a ƙofa kamar kashin kaza ya gudu?"

"To an shinshina?"

Ta gyara mayafi. Can ta ce, "An yi miya da ita."

"Aka ji me?"

"Hancina bai mutu ba, Adama."

Rabon da in ji sunana a bakinta, tun Fadila na cikin zanen goyo, ga ta yanzu har ta fara zuwa niƙa. Na juyo na dube ta sosai. Ta tsufa, Saminu. Haƙoran gaba sun tafi. Ban san ta tsufa haka ba, don ni a raina kullum tana nan yadda na bar ta a kasuwa.

Na ce, "Faɗi da baki. Kalwa ce ko ba kalwa ba?"

"Kalwa ce. Da ma can kalwa ce. Mutumin nan na tsallake ni ya saba saye wurina, ranar ya wuce ni ya durƙusa gabanki. Me kike so in ce, in yi miki guɗa?"

"Sai ki ɓata mini suna?"

"Ke kuma sai ki riƙe mini kwano shekara da shekaru? Na aurena ne fa."

Na ce, "Wannan da kika faɗa yanzu, bango ya ji, ni na ji. Ba a benci kika zage ni ba. A kasuwa kika zage ni."

"Kasuwar ranar ta watse. Rabin waɗanda suka ji suna ƙasa."

"'Ya'yansu na sama, kuma sun gada."

Ta yi tsaki. Ta nuna ƙofar ofishinku da haɓa. "To ai ga kasuwar da ta fi Mai'adua. In mijin nan naki mai bakin ganga ya kawo na'urarsa, zan faɗa. Amma sai ya fara faɗa wa duniya cewa ba roƙona kika zo yi ba, faɗa kika kawo. Kada a binne ni da sunan wadda aka lallasa."

Na ce, "Wannan ai shi ne abin da na zo nema."

Ta ce, "To kin ga."

Muka jira ka har rana ta karkata, ba ka zo ba. Yunwa ta kama mu. Ta buɗe ƙullin da ke gefenta, sai ga farin kwano mai jan fure, wai daga nan za ta biya ta aika mini. Dafaffiyar gyaɗa ce a ciki. Na ce gishiri ya yi yawa. Ta ce in bari mana. Ban bari ba, don ba a wulaƙanta abinci.

Ita ta san wurin mai rubutun nan, ita ta kawo ni. Tana nan zaune gefena tun da aka fara, duk abin da na faɗa a kanta ta ji, har da na awaki da dusa. Ta ce ba komai, in na tashi ita ma za ta zauna a rubuta nata, kuma nata ya fi nawa tsawo. Kada ka ji wannan ka ruga ka ce mun shirya. Ba mu shirya ba. Mota ɗaya za mu shiga don hanya ɗaya ce.

Saura kai. Kwari ba zai sake buɗewa ba don ka faɗi gaskiya. Waɗanda suka ɗanɗana niƙa kusa da ruwa mai daɗi ba za su koma ba ko ni da Kande mun daku a tsakiyar kasuwa. Saboda haka ba ka da abin fakewa.

Ranar kasuwar Mai'adua mai zuwa zan mayar da faifaina wurinsa na da, kusa da nata, don kada ka ce ka neme mu ka rasa. Ka zo da babur ɗinka da na'urarka, ka sa mata sabon batir. Kande za ta faɗi kalma ɗaya, kalwa, da ƙarfi, yadda za a ji har tsallaken iyaka. Kafin ita, kai za ka fara. Za ka gaya wa masu sauraronka, da muryar nan taka ta rabon goro, wa ya ba ka izinin yafewa a madadina, kuma don me ka ga tsohuwa da kwano a ka, ka yi mata tambaya uku ka bar ta huɗu.

Ka zo ka amsa, Saminu. In ba ka zo ba, mu biyu za mu zo, kuma wannan karon ba a benci za mu tsaya ba.